Origano da 'Yan'uwansa: Yadda Za a Raya Ganyen Ƙamshi a Tukunya

Zuwa ga hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Wudil da maƙwabtanta.

An shirya wannan takarda ne a kan wani baƙon tsiro da ake kira origano, da yadda za a raya shi cikin tukunya a gidan da ba shi da fili. Mai yiwuwa ne wani ya ce abin ya yi ƙanƙanta a kawo shi gaban manya, waɗanda suke fama da shari'ar gona da burtali da rabon gado. Gaskiya ne, ƙarami ne. Amma duk wanda ya zaga unguwannin Wudil a 'yan shekarun nan ya ga yadda gidaje suke ta tsukewa. Gidan da kakanni suka bari da fili a bayansa, inda ake shuka kuɓewa da rama da yakuwa, yau an raba shi uku ko huɗu, an dafe tsakar gida da siminti. Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a garin cikin shekarar 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horon 'yan sanda, baƙi sun yawaita, ɗakunan haya ma sun yawaita. Mai ɗaki ɗaya da 'yar baranda ba shi da gona, ba shi da fadama, amma ba ya rasa wurin ajiye tukunya uku. Haka nan matar da ba ta fita kasuwa. Domin irin waɗannan mutane aka tsara wannan darasi, kuma ta hannunku ne zai isa gare su.

Ko mene ne origano?

Ɗan tsiro ne mai ƙananan ganye, tsayinsa ba ya cika wuce kamu guda, yana yaɗuwa a hankali ta gindi. Ba ya mutuwa bayan shekara ɗaya kamar gero. In an kula da shi sai ya yi shekara 3 ko 4 ana ɗiba. Masana tsirrai suna kiransa Origanum vulgare, sunan da Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya rubuta masa a shekarar 1753. Danginsu ɗaya da ɗaɗɗoya da na'ana'a, da kuma tayim ɗin nan da mata suke saye a ƙunshe don shinkafa dafa-duka. Wanda yake so ya tabbatar da wannan zumunta, ya murza karan ɗaɗɗoya tsakanin yatsunsa. Zai ji yana da kusurwa huɗu, ba mulmulalle ba ne, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa, kowanne yana duban ɗan'uwansa. Na origano ma haka yake. Malamin hakimi ya riƙe wannan da kyau, gama da shi zai buɗe bayani. In ya ce wa jama'a ga wani ganyen Turawa, za su saurare shi don ladabi, sa'an nan su watse. In kuwa ya ce ga ɗan'uwan ɗaɗɗoya daga ƙasashen gabas, sai su matso su sansana.

Asalinsa daga tuddai da duwatsun ƙasashen da suke kewaye da Bahar Rum ne, watau Girka da Turkiyya da Italiya da ƙasar Sham. Alhazanmu da yawa sun ci danginsa ba tare da sun sani ba, domin garin nan da Larabawa suke kira za'atar, wanda ake haɗawa da riɗi a ci da gurasa da man zaitun, a bisa asali da wani irin origano na ƙasar Sham ake yinsa. Turkiyya ce a gaba wajen sayar da busasshensa ga duniya, mafi yawansa kuwa daga lardin Denizli yake fitowa. Mutanen Amurka ba su damu da shi ƙwarai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojinsu suka komo daga Italiya a 1945 da sha'awar abincin can.

Ana sa shi a miyar tumatir, da gashin nama, da ƙwai, da wake, yana kuma kashe ƙarnin kifi. Wanda ya gwada shi a kifin kogin Wudil zai gane abin da nake nufi. Busasshensa ya fi ɗanye ƙarfi: cokali 1 na busasshe yana tsaya wa cokali 3 na ɗanye.

Akwai kuma dalilin da ya sa ya fi kyau mutum ya raya nasa da ya saya. A shekarar 2015 Farfesa Chris Elliott na jami'ar Queen's da ke Belfast ya gwada ƙunshi 78 na busasshen origano da aka saya a kantuna, ya tarar 19 daga ciki an cuɗa su da ganyen wasu itatuwa, yawanci na zaitun. A wasu ƙunshin baƙon ganyen ya kai kashi 70 cikin 100. A 2021 Tarayyar Turai ta bayyana sakamakon nata binciken a kan kayan ƙamshi, aka ga kashi 48 cikin 100 na origanon da aka gwada akwai shakkar algus a cikinsa, ya fi kowane kayan ƙamshi da aka duba. To, in haka ta faru a ƙasashen da suke da ma'aikatan awo a ko'ina, sai mai hankali ya yi wa kansa hisabi game da ƙullin ledar da ba suna, ba kwanan wata. Ganyen da uwargida ta tsinka a ƙofar ɗakinta ba mai yi masa algus.

Abin da yake kashe shi

Wannan shi ne kan darasin duka, saboda haka zan tsawaita a nan.

A ƙasashen da origano ya fito, ruwan sama yana sauka ne lokacin sanyi, lokacin zafi kuwa fari ne ƙayau. Tsiron ya saba da ƙasa mai tsakuwa a gefen dutse, inda ruwa ba ya kwana. A ƙasar Kano al'amarin a juye yake. Ruwanmu, wajen milimita 800 ko fiye a shekara, galibinsa yana zuwa ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma yana zuwa ne tare da ɗumi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi ita ce gidan ruɓa. Saiwar origano siririya ce kamar zare, tana bukatar iska a cikin ƙasa kamar yadda take bukatar ruwa. In ƙasa ta cika da ruwa kwana uku ko huɗu a jere, iska ta fita, saiwa ta shaƙe, sai ta ruɓe.

Ga inda mutanen Wudil za su fi kowa yin kuskure, kuma ƙwarewarsu ce za ta ja musu. Mutanen bakin kogi ne. Tun kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 suna lambu, bayan gina su kuwa ruwa bai cika yankewa a kogin ba ko da rani. Ɗan Wudil ya tashi ya ga ana cika fangali da ruwa har ya kwanta, tumatir da albasa da latas suna murna. A wurinsa kula da shuka shi ne ban ruwa. Ranar da ya ga ganyen origano ya yi laushi ya sunkuya, abin da zai fara zuwa zuciyarsa shi ne ƙishirwa, sai ya ƙara ruwa. Alhali kuwa sau da yawa ganyen ya sunkuya ne domin saiwar ta riga ta ruɓe, ba ta iya jan ruwan da yake kewaye da ita. Ƙarin ruwan nan shi yake ƙarasa shi.

Ni kaina haka ta same ni. Shekarar da na fara, na dasa tukunya biyar, na jera huɗu a tsakar gida inda kowa zai gani, ta biyar kuwa wata tsohuwar randa ce fasasshiya, na tura ta ƙarƙashin baranda don kada ta ɓata jeri. Da marka ta kankama a watan Agusta, cikin mako biyu huɗun nan suka yi baƙi daga gindi suka zube. Fasasshiyar randar da na raina, wadda ruwa ba ya zama cikinta kuma ruwan sama ba ya dukanta sosai, ita ce ta tsira, daga gare ta kuma na sami duk irin da nake da shi yanzu.

Alamun ruwa ya yi yawa su ne: ganyen ƙasa ya zama rawaya, gindin kara ya yi baƙi ya yi laushi, ƙasar tukunya tana tsami in an sansana. Alamar ƙishirwa kuwa ita ce ƙasa ta bushe ta janye daga bakin tukunya, ganye ya yi yaushi amma kara yana nan da ƙarfinsa. Hanyar rarrabewa ba ta bukatar wani kayan aiki. A cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In an ji damshi, a bar shi sai gobe. In an ji a bushe, a ba shi ruwa sosai har ya ɗiga ta gindi, sa'an nan a ƙyale shi.

Hanya mafi sauƙi ta koya wa jama'a wannan ita ce a jera musu tukunya uku. Na'ana'a 'yar fadama ce, tana son damshi kullum, tana kuma jure inuwa. Ɗaɗɗoya 'yar gona ce, tsaka-tsaki. Origano ɗan jigawa ne. Duk manomi ya san bambancin fadama da jigawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kada a haɗa su tukunya ɗaya, gama ruwan da zai ishi na'ana'a zai kashe origano, ita na'ana'a kuma mai mamaya ce, saiwarta takan cinye wuri ta kore maƙwabci.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta fi kowace. Tana tsatsafo ta jikinta, saboda haka ƙasar ciki ba ta daɗewa a jiƙe, tana kuma sanyaya saiwa da bazara kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar tukunyar da ta tsage, wadda uwargida za ta yar, ita ake so. Faɗin bakinta ya kai taƙi guda da rabi, watau wajen santimita 30, zurfinta kuma taƙi guda ko fiye. Tilas ne a huda gindinta, huji 3 ko 4 da ɗan yatsa zai shiga, a rufa tsingaro a kan kowane huji don kada ƙasa ta toshe shi. Wanda bai sami tukunya ba ya yi da tsohon bokiti ko jarkar da aka yanke, amma ya tabbata ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji a ciki ba. Baƙar roba tana ɗaukar zafi ƙwarai a watan Afrilu, sai a naɗe ta da tsohon buhu ko a sa ta a bayan wata tukunyar.

A ɗora tukunya bisa duwatsu uku ko bulo biyu, kamar murhu, don ruwa ya sami hanyar fita. Kada a sa faranti ko kwano a ƙarƙashi don tare ruwa. Ban da ruɓar saiwa, ruwan da ya kwanta mako guda ya isa sauro ya hayayyafa a cikinsa, bai kuwa kamata a ce ganyen miya ya jawo wa yara zazzaɓi ba.

Haɗin ƙasa kuwa: mudu 2 na ƙasar gona ta jigawa, mudu 1 na yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, mudu 1 na ruɓaɓɓen taki. Yashi dai Wudil ba ta roƙon kowa. Daga koginta ake ɗiba ana kaiwa gine-gine a birni. Taki ma haka, gama kowace Juma'a karar Wudil tana cika da shanu. Amma a lura, ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Sai wanda ya shekara, ko aƙalla ya yi wata uku a tare ana juya shi, ya koma baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Kada a ɗebo lakar fadama ko ƙasar kududdufi don an ga baƙa ce. Ga albasa dukiya ce, ga origano kabari.

Wani abin mamaki shi ne yawan taki yana rage masa daraja. Ƙamshinsa yana cikin wani mai ne da ganyen yake tarawa, kuma tsiron ya fi tara shi in yana shan rana a ƙasa mai ƙarancin ƙarfi. In an cika masa takin zamani sai ya yi tsawo, ya yi kore shar, ya yi lami. Tafi guda na ruɓaɓɓen taki sau biyu a shekara ya ishe shi.

Iri da lokacin dashe

Ana samunsa ta ƙwaya, ana kuma samunsa ta reshe. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, ta fi ta taba kaɗan. Ba a binne ta. A barbaɗa a kan ƙasa, a danna da tafin hannu, a yayyafa ruwa, gama tana bukatar haske kafin ta tsira. Takan fito cikin mako 1 zuwa 2. Aibinta shi ne ba a san abin da za ta haifa ba. Daga ƙunshi ɗaya wani tsiron zai fito da ƙamshi mai ƙarfi, wani kuwa kamar ciyawa. Saboda haka shawarata ita ce a nemi reshe daga tsiron da aka riga aka murza aka sansana. Irin da ake dangantawa da ƙasar Girka, mai farin fure, shi ne ya fi ƙarfi.

A yanko reshe mai tsawon yatsa, wajen santimita 10, wanda bai yi fure ba. A tsige ganyen rabinsa na ƙasa, a cusa shi cikin yashi mai damshi, a ajiye a inuwa mai haske. Cikin mako 2 zuwa 4 zai yi saiwa. Alamar ita ce sabon toho a kansa. Sa'an nan a mai da shi tukunyarsa, a riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan. Tsohon tsiro kuma, in ya cika tukunya, ana zare shi a raba gindinsa biyu ko uku da wuƙa, kowane kashi ya zama sabon tsiro. Da wannan hanya tukunya ɗaya a gidan hakimi tana iya wadatar da unguwa guda cikin shekara biyu, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Lokacin farawa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Hunturunmu shi ne mafi kusa da yanayin ƙasarsu: rana mai haske, dare mai sanyi, iska busasshiya. Tsiron da aka dasa a Nuwamba zai yi wata huɗu yana kafa saiwa kafin zafi ya sauko. Wanda ya dasa a Yuni don ya ga kowa yana shuka, ya jefa jariri ne cikin marka.

Da hunturu a ba shi rana duka, sa'a 6 ko fiye. Ruwa kamar kowane kwana biyu ko uku, bisa ga abin da yatsa ya faɗa. Ƙura takan rufe ganye, sai a ɗauraye shi da safe sau ɗaya a mako. Da bazara, sa'ad da ma'aunin zafi yake kaiwa 40, a mai da shi inda zai sha ranar safe ya huta da ta azahar, gefen gabas na bango ko ƙarƙashin rumfar zana. A wannan lokaci kaɗai ne mai yiwuwa ya bukaci ruwa kullum. Da damina kuwa a janye shi ƙarƙashin baranda ko bakin zaure inda haske yake shiga amma ruwa ba ya duka, a nisanta shi da bakin indararo, a rage masa rassa don iska ta ratsa. Wannan ita ce fa'idar tukunya a kan fangali: fangali ba ya ɗaukuwa.

Gargaɗi guda ga masu soron ƙasa. Za a ga kan soro wuri ne mai rana, awaki kuma ba sa hawa. Kada a yarda. Ɗigar tukunya kullum a wuri ɗaya tana jiƙa rufi, ta ci azara, har ta kai ga yoyo ko abin da ya fi haka muni. Gara a kafa 'yan sanduna a yi ɗan gado a tsakar gida, ko a rataye tukunya a ragaya, inda akuya da kaji ba za su kai ba.

In origano na ainihi ya gagara, akwai wani danginsa mai kaurin ganye, mai gashi-gashi, wanda masana suke kira Coleus amboinicus, a wasu ƙasashe kuma ana ce masa origanon Kuba. Ƙamshinsu ya yi kusa, ya fi jure zafi, reshensa kuma yana kamawa nan da nan. Shi ma dai ba ya son ruwa ya kwanta masa.

Ruwa, ƙwari da guba

Ba a bukatar sayen ruwa dominsa. Ruwan wankin shinkafa ko na ganye, da ragowar ruwan alwala in an tara a mazubi mai tsabta, duk sun isa. Moɗa guda ta ishi tukunya. Ruwan da ba a so shi ne na wanki mai sabulu ko garin wanki, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. In an ga wani fari-fari kamar kanwa yana taruwa a bakin tukunya, gishirin ruwa ne, yakan faru da ruwan wasu rijiyoyi. A kankare saman ƙasar, a ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ta gindi. Ɓawon albasa da na wake da dusar shara, in an tara su a rami suka ruɓe, sun zama takin baɗi.

Ƙwari ba su cika damunsa ba saboda ƙarfin ƙamshinsa, sai wasu ƙanana masu tsotsar ruwan toho, da wasu jajaye kamar ƙura masu saƙa a bayan ganye da hunturu. Yawanci wanke ganyen da ruwa ya isa. In sun yi yawa, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma, a dakata kwana uku kafin a ɗiba, a kuma wanke kafin a dafa.

A nan ina roƙon hakimai su yi magana da babbar murya. Kada kowa ya kusanci ganyen da za a ci da fiya-fiya ko wani maganin feshin gona. Sinadarin da yake cikin fiya-fiya shi ne wanda aka samu ya yi yawa a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, shi ne kuma Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Tukunyar da take tsakar gida tana inda yara suke rarrafe, ganyenta kuma ana tsinkarsa ne a jefa a miya nan take.

Ɗiba da shanya

In tsiro ya kai taƙi guda a fara tsinke kansa. Kowane kan da aka tsinke zai fito da biyu, sai ya yi cunkus maimakon ya yi tsawo. Babbar ɗiba ana yinta ne gab da zai yi fure, gama a lokacin ƙamshinsa ya fi ƙarfi, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. A ɗaure rassan ƙanana-ƙanana a rataye a ɗaki mai iska, ko a baza a faifai a rufa da mayani. Ba a shanya shi a rana kamar kuɓewa ko barkono, domin rana tana kore man da ake nema. Da hunturu kwana 4 ko 5 sun isa. In ganye yana karyewa a hannu ya bushe; a zage shi daga kara, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Kada a daka sai ranar amfani. Yakan riƙe ƙarfinsa wajen shekara guda.

Lalle za a sami masu cewa magani ne na kaza da kaza. Gaskiya ne man da yake cikinsa yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, mutanen ƙasarsu kuma sun daɗe suna shan shayinsa don tari da kumburin ciki. Amma abin da ya faru a kwalbar gwaji daban, abin da zai faru a jikin mutum daban. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya maganin taifot, ba ya tsaya wa allurar rigakafi. Tataccen mansa da ake sayarwa a ƙananan kwalabe yana da zafi, yana iya ƙona baki da fata, kada a ba yara, mai ciki kuma ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa miya. Haka nan maganar da ake yi cewa ɗaɗɗoya a ƙofar ɗaki tana korar sauro, kada ta sa kowa ya naɗe gidan sauronsa.

Abin da ake bukata daga hakimi da malaminsa

Ba a neman a yi shela ko a tara mutane. Abin da ya fi shi ne hakimi ya sa a ajiye tukwanen nan uku a gidansa, inda dagatai da masu unguwanni za su gani in sun zo gaisuwa. Abin da aka gani a gidan babba ba ya bukatar talla. In tsiron ya cika, a raba wa dagatai, su kuma su miƙa cikin gida, gama aikin nan a hannun mata zai zauna, su ne masu madafa, su ne kuma suke gida da azahar sa'ad da ake bukatar a janye tukunya daga rana. Makarantun firamare da na Islamiyya ma wuri ne mai kyau. A nemi malamin gona na yankin ya duba haɗin ƙasa a karon farko.

Kada a yi wa kowa alkawarin arziki. Tukunya uku ba gona ba ce. Abin da za ta yi shi ne ta ɗauke wa gida sayen kayan ƙamshi, wani lokaci a sami ɗan rarar da za a ƙulla a sayar wa maƙwabta ko masu abinci a bakin tasha. In an zuga mutane da maganar kasuwar ƙasashen waje, ranar da ba su ga mai saye ba za su yar da tukwanen, su kuma daina yarda da takarda ta gaba, ko da ta fi wannan muhimmanci.

Malamin hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa. Ya rubuta sunan gari ko unguwa, da yawan tukwanen da aka raba, da watan da aka dasa, da irin mazubin, na ƙasa ne ko na roba, da inda aka ajiye shi da damina. Amma ya yi hattara da yadda zai shiga da littafin. Ko da yake an soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, har yanzu akwai dattawan da in sun ga malami da alƙalami yana ƙidaya a ƙofar gida sai gabansu ya faɗi. Ya bayyana tun farko cewa ba kuɗi a ciki, ba tara, wanda tsironsa ya mutu ba a bin sa bashi. Ya fi kyau ma ya ƙidaya tukwane ta bakin mai unguwa, ba sai ya rubuta sunan kowane magidanci ba.

Ƙidaya mai amfani ita ce ta farkon Oktoba, bayan marka ta wuce: tukunya nawa suka tsira, kuma a ina suka yi damina. Wanda ya mutu a rubuta shi kamar yadda aka rubuta wanda ya rayu, kada a ɓoye don a faranta wa ofis rai. A aiko da wannan lissafi tare da rahoton watan Oktoba, domin a san unguwannin da za a sake kai wa reshe kafin Nuwamba ta ƙare.